Lungunan Intanet da Lokacin Hutun Malami

Kowane malami yana da lokaci iri biyu. Akwai lokacin aiki, wanda hedimasta da jadawalin makaranta su ke iko da shi, akwai kuma lokacin hutu, wanda ba mai iko da shi sai mai shi. A kwalejin nan ana koya mana yadda za mu tsara na farkon, darasi bayan darasi, amma ba a cika yi mana maganar na biyun ba. Ga shi kuwa a zamanin nan yawancin hutunmu cikin wayar hannu ya ke ƙarewa. Saboda haka na ga ya kamata mu yi ɗan nazari a kan inda mu ke zuwa in mun buɗe waya, da kuma waɗansu wuraren da ba mu cika zuwa ba, alhali kuwa suna nan a buɗe, ba a biyan ko kwabo.

1. Mu fara da lissafi

A ce mutum yana yin sa'a 2 kowace rana yana duban waya. Wannan ba abin mamaki ba ne a cikinmu, da yawa ma sun zarce haka. A shekara ya yi sa'a 730 ke nan, watau kwana 30 da ɗoriya, dare da rana ba barci. Cikin shekara 3 da ɗalibi ya ke yi a kwaleji, ya ba wayarsa kwana 91. Ban da lokaci akwai kuɗi. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Wanda ke zuba wata uku na ransa da kuɗin aljihunsa a wuri ɗaya, lalle ya kamata ya tambayi kansa abin da ya ke samu.

2. Kasuwa da lungu

Duk wanda ya san Gombe ya san bambancin Babbar Kasuwa da GRA. A kasuwa kowa kiranka ya ke yi, kowa yana nuna maka kayansa, ka je sayen allura ka komo da abin da ba ka yi niyya ba. GRA kuwa, inda na ke zaune wajen wani kawuna, unguwa ce irin waɗanda aka keɓe tun zamanin Turawa domin ma'aikatan Gwamnati. Hanyoyinta shiru, itatuwa sun yi inuwa, ba mai jan rigarka. In ba ka san gidan da za ka ba, ba wanda zai kira ka ciki.

Intanet ma haka ta ke. Facebook da TikTok da YouTube su ne kasuwa. Ban ce ba su da amfani ba, gama da su mu ke jin labarin dangi da na duniya. Amma ya kamata mu san sana'arsu. Da kuɗin talla su ke rayuwa, kuma gwargwadon daɗewarka a ciki, gwargwadon tallar da za a nuna maka. Don haka aka gina su yadda na'ura za ta lura da abin da ya ke tsai da idonka, ta yi ta miƙo maka irinsa, ba iyaka. Ba kai ka ke zaɓe ba, zaɓar maka a ke yi.

Shafukan da zan ambata a nan su ne lungu. Yawancinsu jami'o'i ne ko ƙungiyoyin sa-kai su ke riƙe da su, da gudummawar jama'a su ke tafiya. Ba su da kuɗin yin shela, shi ya sa ba mu san su ba. Sai ka rubuta sunansu da hannunka kafin ka isa, in ka isa kuma kai za ka faɗi abin da ka ke nema. Wannan shi ne babban bambancin, shi ne kuma dalilin darasin nan.

3. Ɗakin karatu wanda ba a rufe shi

Na farko shi ne Internet Archive. Wani Ba'amurke, Brewster Kahle, ya kafa shi a 1996, watau shekarar da aka yanke Jihar Gombe daga Jihar Bauchi. Aikinsa tara littattafai da muryoyi da hotuna, da ajiye tsofaffin shafukan intanet don kada su ɓace. Littafin da ya tsufa har haƙƙin mallakarsa ya ƙare, kowa yana iya karanta shi a can, ko ya sauke shi cikin wayarsa.

Abin da zai ba mai karatun Hausa sha'awa shi ne, akwai tsofaffin littattafai a kan harshen nan da ƙasar nan, waɗanda da wuya ka same su a kantin littattafai. Akwai Magana Hausa na J. F. Schön, wanda aka buga a 1885. A cikinsa ne labarin Dorugu ya ke, wani yaro Bahaushe da ya yi tafiya tare da matafiyin nan Heinrich Barth har Ingila, ya ba da labarin abin da ya gani da bakinsa. Akwai ƙamus na C. H. Robinson na wajen 1900. Akwai tatsuniyoyi da karin magana da wani Malam Shaihu ya rubuta da ajami a ƙasar da a ke kira Gana yanzu, R. S. Rattray ya buga su a 1913, ajamin yana gefe ɗaya, boko yana gefe ɗaya. Wanda ya ke son ya koyi karatun ajami, ga allo ya samu.

Game da ƙasarmu ta Gombe kuma, a nemi littafin Boyd Alexander na 1907 mai suna From the Niger to the Nile. Ayarinsu ya bi kogin Gongola da jiragen ruwa na ƙarfe har Ashaka a 1904, shekara ɗaya bayan yaƙin Burmi. A nemi kuma littafin da O. Temple da C. L. Temple suka fitar a 1919 a kan kabilu da lardunan Arewa, inda aka yi maganar Tangale da Tera da Waja da Bolawa.

Sai dai a yi hattara. Baƙi ne suka rubuta waɗannan, yawanci ta bakin tafinta, waɗansunsu kuma da raini a zuciya. Wani lokaci su kan ɓata suna, ko su ɗauki maganar mutum ɗaya su ce al'adar kabila ce duka. Dabarar ita ce, ka karanta shafi ɗaya, ka kai wa wani dattijo a garinku, ka tambaye shi, “Baba, haka abin ya ke?” Abin da zai gyara maka ya fi abin da ke cikin littafin daraja, sai ka rubuta shi ka ajiye.

Ƙanen wannan shafi a girma, amma wansa a shekaru, shi ne Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971. Yana da littattafai fiye da 70,000, yawancinsu da Turanci. Amfaninsa ga mai ƙaramar data shi ne, rubutu ne zalla ba hoton takarda ba, saboda haka littafi guda sau da yawa bai kai megabait 1 ba. Mai son ya gyara Turancinsa ba shi da sauran hujja.

4. Sama da taurarinta

In aka ɗauke wuta da dare, yawancinmu tsaki mu ke yi. Amma a lokacin ne sama ta ke fitowa sosai, musamman a unguwa mai fili kamar GRA. Akwai wani shafi mai suna Stellarium, wanda wani Bafaranshe, Fabien Chéreau, ya fara a 2001. In ka gaya masa kana Gombe, sai ya zana maka sama kamar yadda ta ke bisa kanka a wannan sa'a, da sunan kowane tauraro. Kana kuma iya tura lokaci gaba ko baya, ka ga yadda sama za ta kasance wata mai zuwa, ko yadda ta ke daren da aka haife ka.

Ga abu uku da na ke so kowa ya gwada.

Na ɗaya, Gombe tana wajen digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Ƙa'ida ce ta labarin ƙasa cewa tsawon Tauraron Arewa daga ƙasa daidai ya ke da wannan adadi. Ka miƙe hannunka sosai, ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen ya yi kusan digiri 10. Ka fuskanci arewa inda gini bai tare ba, ka aza dunƙulen a gindin sama, za ka sami tauraron a bisansa. Yaron da ya auna wannan da hannunsa ba zai manta darasin ba.

Na biyu, taurarin nan da mu ke kira Kaza da 'Ya'yanta suna bayyana da almuru a lokacin hunturu. Ka neme su a shafin, ka ƙara girman hoton, za ka ga 'ya'yan sun fi waɗanda ido ya ke ƙirgawa yawa nesa ba kusa ba.

Na uku, Zara da mu ke gani yamma bayan faɗuwar rana, da Gamzaki da ke fitowa gabas da asuba, abu ɗaya ne. Duniya ce mai kewaya rana kamar tamu, Turawa suna ce mata Venus. Ka tura kwanaki gaba a shafin, za ka gan ta tana matsowa kusa da rana har ta ɓace a yamma, bayan 'yan kwanaki ta ɓullo a gabas. Kowane kwana 584 ta ke maimaita wannan zagaye. Gani ya kori ji.

5. Tsuntsaye da itatuwa

Itatuwan dogon yaro da na mangwaro da ke GRA cike su ke da tsuntsaye da sassafe. Muna jin kukansu, amma kaɗan ne mu ka san sunansu. Shafin xeno-canto, wanda waɗansu mutanen Holan biyu suka buɗe a 2005, taska ce ta kukan tsuntsayen duniya. Mutane ne su ke ɗauka da na'urarsu su aika, a rubuta wuri da rana. Wani shafin kuma, iNaturalist, ɗaliban wata jami'a a Kalifoniya suka fara shi a 2008. In ka ɗauki hoton tsuntsu ko ganye ko ƙwaro ka aika, na'ura za ta yi hasashen sunansa, sa'an nan masana daga ƙasashe dabam-dabam su duba su tabbatar ko su gyara.

Ga misali. Kowane yaro ya san in shamuwa ta zo damina ta kusa. Amma in ka tambaye shi ina ta ke zuwa da rani, sai ya yi shiru. Sunanta na kimiyya Ciconia abdimii. Ka rubuta shi a iNaturalist, ka buɗe taswira. Za ka ga a watannin daminarmu ana ganinta a nan ƙasashenmu, inda ta ke yin sheƙa, in ruwa ya ɗauke kuma sai a riƙa ganinta can kudancin Afirka, wajen Zambiya da Zimbabuwe, inda tasu daminar ta ke farawa. Ashe ruwa ta ke bi, da fari da sauran ƙwarin da ruwa ya ke kawowa. Darasin yanayi ke nan guda cikakke, daga tsuntsu ɗaya.

Wahalar da za a tarar ita ce, da sunan Turanci ko na kimiyya a ke nema, ba da na Hausa ba. Wannan ma aiki ne mai daɗi. Ka sami littafin rubutu ka ja layi, ka sa sunan Hausa, da na Fulatanci ko Tangale ko harshen da ka tashi da shi, da na kimiyya. Ka fara da cilakowa da belbela da shirwa da hankaka. Kafin ka gama kwaleji ka tara abin da babu shi cikin littafin da za a ba ka ka koyar.

6. Kunne da ƙwaƙwalwa

Radio Garden an buɗe shi a Holan a 2016. In ka shiga sai ka ga duniya kamar ƙwallo, da ɗigo-ɗigo kore. Kowane ɗigo gari ne, in ka taɓa shi ka ji rediyon garin a wannan lokaci. Mai koyon Faransanci ya juya zuwa Dakar, mai koyon Larabci ya juya zuwa Alƙahira. Yara su kan yi mamaki in sun ji ana gaisuwar safe a wata ƙasa alhali mu muna shirin kwanciya, daga nan bayanin juyawar duniya ya zo da sauƙi. Amma a lura da data. Tashar da ke aiko da kilobit 128 kowace daƙiƙa tana cin wajen megabait 58 a sa'a. Duk da haka bai kai bidiyo ba, wanda ya kan ci ɗaruruwa.

Mai son wasa kuma ya nemi Lichess, wanda Thibault Duplessis ya buɗe a 2010, inda a ke buga ces, watau darar nan mai sarki da dawaki. Ba talla, ba kuɗi, ba caca, akwai kuma darussa don ɗan koyo. Kada wani ya ce wasan ba namu ba ne. Tunde Onakoya, ɗan Nijeriya mai koya wa yaran unguwannin talakawa na Ikko wannan wasa, ya zauna a birnin New York a Afrilun 2024 ya yi sa'a 60 yana bugawa don tara kuɗin karatun yara. Wanda ya iya dara a gindin bishiya ba zai sha wuyar koyonsa ba.

7. Inda za mu ba da namu

Har yanzu maganar karɓa mu ke yi. Amma duk wanda ya zaga waɗannan wurare zai lura da abu ɗaya: Hausa ba ta da yawa a cikinsu, sauran harsunan jiharmu kuwa sun fi ta ƙaranci. Ba wani ne ya hana ba. Mutane ne su ke cika shafukan nan da hannunsu a lokacin hutunsu, kowa kuma abin gidansu ya ke kawowa. In ba mu kawo namu ba, ba mai kawo mana. Ga ƙofofi huɗu.

Wikipedia ta Hausa. Ta Turanci ta wuce maƙala miliyan 7 a 2025, tamu kuwa ko kusa ba ta kai ba. Ka duba ko an rubuta labarin garinku. In an rubuta, ka gyara kuskure, ka nuna littafin da ka samo gyaran.

African Storybook. Wata ƙungiyar ilmi ta Afirka ta Kudu ce ta buɗe shi a 2014. Ƙananan littattafai ne masu hotuna don yara, cikin harsunan Afirka da yawa, har da Hausa. An yarda malami ya sauke, ya buga a takarda, ya fassara, ko ya rubuta nasa. Duk wanda ya yi koyarwar gwaji a aji ɗaya ko aji biyu ya san yadda littafin karatu ya ke wuyar samu.

Common Voice. Ƙungiyar Mozilla ta fara shi a 2017. Ana nuna maka jimla ka karanta da murya, ko ka saurari ta wani ka ce daidai ne ko ba daidai ba. Da waɗannan muryoyi a ke koya wa na'ura jin magana, akwai kuma sashen Hausa. In muryoyin gari ɗaya kaɗai aka tara, na'urar ba za ta gane Hausar Gombe sosai ba, balle ta tsohuwar da ke ƙauye.

OpenStreetMap. Taswirar duniya ce wadda Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, kowa yana iya ƙara abin da ya sani. Kada a ɗauke ta wasa. Lokacin girgizar ƙasa ta Haiti a 2010, da lokacin cutar Ebola a Gini da Laberiya da Saliyo a 2014, 'yan sa-kai ne suka zana hanyoyi da ƙauyuka a kanta, ma'aikatan agaji suka bi. Ka duba unguwarku. In makarantarku ko asibiti ko rijiyar burtsatse ba ta ciki, kai za ka sa. Sai dai ba a sa sunan gidan mutum.

8. Gargaɗi

Ba kowane lungu ne na alheri ba, a gari ko a intanet. Ga ƙa'idodi huɗu da na ke bi. Shafin da ya nemi lambar banki ko lambar katin ɗan ƙasa kafin ya nuna maka littafi, ka fita. Shafin da ya yi maka alkawarin kuɗi ba aiki, ko ya ce ka zuba kaɗan ka kwashi da yawa, caca ce ko damfara, ba hutu ba ne. Littafin da haƙƙin mai shi bai ƙare ba, ka saya. A dokar Nijeriya haƙƙin ya kan kai shekara 70 bayan rasuwar marubuci, saboda haka littattafan Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, har yanzu suna da masu su. Na ƙarshe, kafin ka nuna wa yara wani shafi, ka riga su shiga ka duba shi da kanka.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ba mai nauyi ba ce. Ban ce a bar kasuwa ba. Cikin sa'a 14 na mako, a ware 2 kawai, a yanke shawarar inda za a tun kafin a buɗe waya, a ajiye littafin rubutu kusa. Gobe za a tura mu ƙauyuka inda ba ɗakin karatu, ba ɗakin gwaje-gwaje, wani wurin ma ba taswira a bango. Yara 60 ko fiye za su zuba mana ido, ba su da abin da za su samu sai abin da mu ka zo da shi. Abin da malami ya tara a lokacin hutunsa, shi ne guzurin ajinsa.

Aikin yi

1. Ka ƙirga sa'o'in da ka yi da waya cikin mako ɗaya, ka lissafta kwana nawa za su zama a shekara.
2. Ka auna tsawon Tauraron Arewa da dunƙulen hannu a Gombe. In ka je hutu wani gari mai nisa kudu ko arewa, ka sāke aunawa, ka faɗi dalilin bambancin.
3. Ka rubuta sunayen tsuntsaye 10 na unguwarku cikin harshe biyu, ka nemo kukan 3 daga cikinsu.
4. Ka karanta tatsuniya ɗaya cikin littafin Rattray, ka gwada ta da yadda a ke faɗinta a gidanku.
5. Ka zaɓi shafi ɗaya cikin waɗanda aka ambata, ka tsara darasi na minti 35 da shi don aji biyar, yadda za a iya yinsa da waya ɗaya tak.